Wai Sai Mawaƙi Ya Mutu Ne Muke Sanin Gwani Ne?

Duk ranar da aka wayi gari da labarin rasuwar wani mawaƙi, ka lura da wayarka. Kafin azahar hotonsa ya cika sitatus, wannan ya sa alamar hawaye, wancan ya ɗora guntun waƙarsa yana cewa wallahi ita ce ta riƙe shi lokacin da duniya ta yi masa zafi, wani kuma da ko jiya ka tambaye shi sunan mutumin sai ya tsaya tunani, yau shi ne mai dogon rubutu cewa an yi rashin da ba za a iya maye gurbinsa ba. Ni ban ce ƙarya suke ba fa, yawancinsu har zuci suke faɗa. Abun da yake ci min rai shi ne duk wannan daddaɗar magana kowa ya ji ta, ban da mutum ɗaya, wanda ake yi dominsa.

Kuma ba a baki kawai abun ya tsaya ba, har a ciniki ana ganinsa ƙuru-ƙuru. David Bowie, mawaƙin Ingila, ya shafe kusan shekara 50 yana fitar da waƙa amma bai taɓa samun kundin da ya zo na ɗaya a jadawalin waɗanda suka fi kasuwa a Amurka ba sai wanda ya fitar ranar 8 ga Janairun 2016, ya mutu ranar 10 ga wata, kwana biyu tsakani, sannan kundin ya haye sama. Otis Redding, mawaƙin Amurka, jirgin sama ya faɗi da shi a Disambar 1967 yana ɗan shekara 26, waƙar da ya ɗauka 'yan kwanaki kafin hatsarin ita ce ta zama ta ɗaya a 1968, matsayin da bai taɓa kaiwa ba yana raye. Michael Jackson kuwa ya bar duniya a 2009 da bashi jibge a kansa, jaridu sun shekara da shekaru suna yi masa ba'a, amma a shekarar da ya mutu babu wanda ya kai shi sayar da faifai a Amurka, daga baya ma mujallar Forbes ta yi ta sa shi a saman jerin matattun da suka fi samun kuɗi. Ka ji wani jeri kuma, matattun da suka fi samun kuɗi.

To me yake jawo haka? Na daɗe ina juya tambayar nan, kuma a nawa ganin ba rashin kirki ba ne zalla. Yabon mamaci kyauta ne, yabon mai rai kuwa yana da tsada, shi ya sa muke jiran ya yi araha.

Ka duba, mamaci ba zai ba ka kunya ba. In ka fito yau ka ce wane gwani ne, mutumin kirki ne, gobe zai iya sakin wata waƙa marar kan gado, ko ya koma bayan ɗan siyasar da ka tsana, ko a ji shi cikin wani abin kunya, sai a dawo kanka ana cewa ga gwanin naka nan. Wannan tsoron tsoho ne, shi ne aka dunƙule a cikin karin maganar nan ta cewa ba a yabon ɗan kuturu sai ya shekara arba'in da yatsu. Matsalar ita ce mun ɗauki arba'in ɗin mun mayar da ita har abada, mutum ya yi arba'in, ya yi sittin, yatsunsa goma cif, mu dai muna nan muna jira mu gani. Ranar da ya mutu littafinsa ya rufe, babu sauran abun da zai yi ya kunyata mu, sai bakin kowa ya buɗe.

Sannan mamaci ba ya gasa da kowa, kuma ba ya mayar da martani. Wannan ya fi fitowa a tsakanin abokan sana'a da kuma hukumomi. Mawaƙin da ba zai iya buɗe baki ya ce ɗan'uwansa ya fi shi murya ba, don kar magoya baya su ce ya sallama, ranar jana'iza shi ne a sahun gaba yana cewa shi ne ubanmu a harkar nan. Fela Kuti misali ne da ba ya ɓuya. A 1977 sojoji suka afka gidansa na Kalakuta a Legas suka ƙone shi, a 1984 aka ɗaure shi ya yi kusan wata 20 a kurkuku, kamun da aka yi masa a rayuwarsa ba ya ƙirguwa da yatsu. Ya mutu a watan Agustan 1997. Yanzu fa? Tun 1998 ake bikin tunawa da shi duk shekara, an yi wasan dandamali kan rayuwarsa a New York, gidan da ya zauna a ƙarshe ya zama gidan tarihi a 2012 har da tallafin gwamnatin jiha. Waƙoƙin dai su ne, ba a canja musu ko harafi ba. Abun da ya canja shi ne mai su ba zai ƙara tashi ya yi sabuwa ya ambaci sunan wani ba.

Akwai kuma sabo. Aka ce ido wa ka raina, ya ce wanda nake gani kullum. Muryar da kake ji a mota, a rediyo, a wayar maƙwabci, ta zama kamar iska, ba ka tunanin akwai wani mutum mai tari da ciwon baya da kuɗin haya a bayanta. Ga kuma zaton da muke yi cewa ai ya sani. Ai mutum kamar wannan da ake tafa masa, mene ne maganata za ta ƙara masa? Nan ne muke kuskure babba, domin tafi daban, magana daban. Tafi hayaniya ce ta jama'a, mawaƙi na jin ta ne a dunƙule, kuma duk wanda ya daɗe a sana'ar ya san ana tafa wa mai kyau ana tafa wa marar kyau, wani sa'in ma don a tashi a tafi gida ake tafawa. Amma mutum ɗaya ya tsaya ya ce maka baitin nan naka na uku shi ya hana ni yanke zumunci da ƙanina, wannan ba kullum ake samunsa ba, ko da kuwa mai cika filin wasa ne. Kuma ka tuna yawancin mawaƙa ba masu cika filin wasa ba ne. Mafi yawansu tashensu shekara biyar ne ko goma, daga nan yayi ya wuce, waya ta daina ƙara, su zauna da tambayar ko abun da suka ƙarar da ƙuruciyarsu a kai ya amfani wani.

Wani abun kuma nauyin baki ne kawai. Kana so ka faɗa amma kana jin kamar za a ga zaƙewarka, ko a ce wani abu kake nema, ko kalmomin su fito a karkace. Wasu masu binciken halayyar ɗan Adam a Amurka, Amit Kumar da Nicholas Epley, sun gwada wannan a wani aiki da suka fitar a 2018. Sun sa mutane su rubuta wasiƙar godiya ga wani da ya taɓa yi musu alheri, kafin a aika kuma su yi hasashen yadda mutumin zai ji, sannan aka je aka tambayi waɗanda aka aika wa. Sai ga shi masu rubutun sun raina irin mamaki da farin cikin da wasiƙar za ta jawo, sun kuma zuzuta yadda abun zai zama da kunya. Su hankalinsu na kan ko sun iya tsara magana, masu karɓa kuwa ba ta tsari suke ba, su dai an tuna da su. Kafin nan a 2005 Martin Seligman da abokan aikinsa sun gwada sa mutane su rubuta irin wannan wasiƙa su kai ta hannu da hannu, aka ga farin cikin su kansu masu kaiwar ya ɗaga har tsawon kusan wata guda. Wato ko ta fuskar son kai ka duba, riƙe maganar asara ce.

In kuma za mu faɗa wa kanmu gaskiya, rabin yabon da muke wa mamaci kanmu muke wa. Muna kukan ƙuruciyarmu da ta tafi tare da muryar, muna sauke nauyin shirun da muka yi, wani kuma so yake a san shi ma ya san gwanin tun kafin kowa ya san shi. Ba laifi ba ne, makoki dama na masu rai ne. Kawai kar mu ruɗi kanmu cewa mun biya bashi.

Wani zai ce to mene ne bambancin, ai gwani gwani ne ko an faɗa masa ko ba a faɗa ba. Bari in kawo mutum huɗu, biyu yabo ya riske su, biyu ya makara.

Franz Schubert na ƙasar Ostiriya ya tsara waƙoƙi sama da 600, ya mutu a 1828 yana da shekara 31. A duk rayuwarsa sau ɗaya tak aka shirya taron jama'a na kiɗansa shi kaɗai, a watan Maris na shekarar da ya mutu. Ɗaya daga cikin manyan ayyukansa ma a cikin takardun da ya bari wajen ɗan'uwansa aka tsinto shi bayan shekara goma, aka fara kaɗa shi a 1839. Yau duk makarantar koyon kiɗan Turawa sai an karanta shi, shi kuwa bai taɓa zama ya ji yadda wannan aikin yake fita daga hannun makaɗa a gaban jama'a ba. Solomon Linda, Bazulu ne daga Afirka ta Kudu, a 1939 ya shiga situdiyo a Johannesburg ya rera Mbube, aka ba shi ɗan abun da bai taka kara ya karya ba, haƙƙin waƙar ya koma hannun kamfani. Karin waƙar ya tsallaka teku, Amurkawa suka sake mata riga, ta shiga fina-finai, ta tara miliyoyin daloli. Linda ya mutu a 1962 cikin talauci, ko dutsen kabari iyalinsa ba su iya saya ba sai bayan shekaru masu yawa, sai a 2006 aka yi sulhu da 'ya'yansa bayan an kai ƙara kotu. Adalci ne, amma ihu ne bayan hari.

Yanzu ga ɗaya ɓangaren. Sixto Rodriguez a birnin Detroit na Amurka ya fitar da kundi biyu, 1970 da 1971, ba su yi kasuwa ba, kamfani ya sallame shi, ya koma aikin ƙarfi, rusau da gyaran gidaje. Bai sani ba ashe a Afirka ta Kudu faifansa na gida-gida, matasan da suka gaji da mulkin wariyar launin fata sun haddace shi, har jita-jita ta bazu a can cewa ya daɗe da mutuwa. Wasu masoyansa biyu ne suka ƙi yarda su tsaya a kan jita-jita, suka shiga nemansa, 'yarsa ta ci karo da cigiyar a intanet, a 1998 sai ga shi a Afirka ta Kudu a gaban dubban mutane suna rera waƙoƙinsa baiti-baiti. Fim ɗin da aka yi kan labarin ya ci kyautar Oscar a 2013, shi kuma ya rayu har 2023, shekara 25 yana sane da cewa aikinsa bai faɗi ƙasa banza ba. Ibrahim Ferrer na Kyuba shi ma ya riga ya ajiye waƙa, yana goge takalma don ya cike ɗan fanshonsa, a 1996 aka je aka ɗauko shi don aikin wani kundin waƙoƙi na tsofaffin mawaƙan Kyuba mai suna Buena Vista Social Club. A shekarar 2000 aka ba shi kyautar Latin Grammy ta sabon mawaƙi, sabon mawaƙi fa, mutumin da ya haura 70. Ya zaga duniya, ya fitar da kundin kansa, ya rasu a 2005.

Abun lura a nan ba daɗin da suka ji kawai ba ne. Yabon da ya riski mutum da ransa yana haihuwa. Ferrer ya yi sabbin waƙoƙin da ba don an je an ƙwanƙwasa masa ƙofa ba da babu su. Rodriguez ya koma kan dandamali. Wa ya san abun da Linda zai yi da an riƙe shi da daraja? Shi ya sa nake ganin hikima a dokar da masu kyautar Nobel suka kafa tun 1974, cewa ba a ba mamaci, sai dai in an riga an sanar da sunansa sannan ya mutu. Ko a wajenmu, digirin girmamawa da Jami'ar Ahmadu Bello ta ba Mamman Shata a 1988 ya fi duk wani taron tunawa da aka yi masa bayan rasuwarsa a 1999 ma'ana a wurina, domin shekara 11 ya yi ana kiransa Dakta yana amsawa da bakinsa.

Sai maganar kuɗi, don yabo ba ya biyan kuɗin asibiti. Yadda dokar haƙƙin mallaka take, waƙa tana ci gaba da kawo kuɗi bayan mai ita ya mutu, yarjejeniyar Berne ta sa mafi ƙaranci shekara 50 bayan mutuwa, ƙasashe da yawa sun kai shi 70. Wannan ya yi wa magada kyau, in har haƙƙin yana hannunsu ba a hannun kamfani ba. Amma ka ga abun da hakan ke nufi, duk wannan rububin saurare da ake yi a makon rasuwa, ko sisi ba ya shiga aljihun wanda ya yi waƙar. A lokacin da yake raye yana buƙata, ta tura-min-in-tura-maka muka ji waƙar, ba mu saya ba. Manhajojin sauraren waƙa ma abun da suke biya kan saurare ɗaya bai kai ko santi ɗaya na dala ba, Spotify kuma tun 2024 ta ce waƙar da ba a saurara sau 1,000 a cikin shekara ba ba ta da kaso. Don haka tsohon mawaƙin da yayinsa ya wuce, in ka ce kana ƙaunarsa, hanyar da zai gani a ƙasa ita ce ka sayi aikinsa ta inda kuɗin zai kai gare shi, ka sayi tikiti in yana wasa, in an ce yana kwance ka taimaka tun ana neman na magani. Sau nawa muka ga an yi ta cigiyar taimako shiru, ranar da aka ce ya cika sai ga manyan motoci?

Akwai kuma waɗanda ko a ranar mutuwar ma ba a cika tunawa da su ba, masu ganga, masu jita, 'yan amshi, mai haɗa sauti, wanda ya rubuta baitin wani ya rera. Clyde Stubblefield shi ne mai gangar mawaƙin Amurka James Brown, wani ɗan guntun kiɗa da ya yi na daƙiƙu kaɗan an yanko shi an saka a waƙoƙin hip-hop sama da dubu, shi kuwa ba a sa sunansa a matsayin mai haƙƙi ba, don haka bai samu kason komai ba. Da ciwon daji ya kama shi ba shi da inshorar lafiya, wani shahararren mawaƙi mai suna Prince ne ya biya masa dubban daloli na asibiti a ɓoye, ya ce kar a faɗa, sai bayan Prince ɗin ya mutu a 2016 iyalin Stubblefield suka bayyana. Ni wannan labarin ya fi min duk wani jawabin makoki, mawaƙi ya san wanda ya koya daga gare shi, ya kuma nuna masa tun yana iya gani.

To amma akwai wata magana mai nauyi da ba zan tsallake ba, don na san wani zai kawo ta, kuma yana da hujja. Yabo a gaban ido yana kashe mutum. Mun ga mawaƙan da 'yan kanzagi suka kewaye, kowane shirme suka yi a ce ba a taɓa irinsa ba, har suka daina gyara aiki, kai ya kumbura, basira ta tsaya. A hadisin da Bukhari da Muslim suka ruwaito, wani ya yi ta koɗa wani a gaban Annabi (SAW), sai ya ce masa kaiconka, ka yanke wuyan abokinka. To ya za a haɗa wannan da abun da nake cewa?

Ni a fahimtata abu biyu ne muke cakuɗawa. Akwai fadanci, akwai shaida. Fadanci shi ne ka ce wa mutum babu kamarka, kai ne farko kai ne ƙarshe, magana ce kan zatinsa, ba ta da iyaka, kuma galibi mai yin ta akwai abun da yake hange. Shaida kuwa ita ce ka faɗi abun da ya faru, aikinka kaza ya yi min amfani kaza, na gode. Wannan ba ta kumbura kai, sai ma ta ɗora wa mutum nauyi, don yanzu ya san akwai masu jin maganarsa da gaske. Kuma Annabin da ya hana wancan shi ne ya ji karatun Alƙur'anin Abu Musa al-Ash'ari ya gaya masa cewa an ba shi murya irin ta iyalan Annabi Dawud, shi ne ya riƙe hannun Mu'azu ya ce masa wallahi ina son ka. A Abu Dawud akwai labarin mutumin da ya ce yana son wani da ya wuce, aka tambaye shi ka sanar da shi? Ya ce a'a, aka ce tashi ka sanar da shi. Ba fatawa nake bayarwa kan kiɗa ba, wannan fagen malamai ne kuma kowa ya san inda ya tsaya, abun da nake nunawa shi ne faɗa wa mutum darajarsa yana raye ba baƙon abu ba ne da muka aro.

Kuma yabon mai rai bai hana gyara. Hasali ma wanda ya saba gaya maka inda ka yi daidai, shi ne ranar da ya ce nan ka kauce za ka saurare shi. Mu kuwa mun juya abun, kushe muke bayarwa da hannu biyu tun mutum na raye, yabo mu ajiye sai ranar ta'aziyya. Mawaƙi ya saki waƙa goma masu kyau shiru, ya yi tuntuɓe a ta sha ɗaya, ranar zai san yana da masu saurare.

Na ɗauki mawaƙa ne don a kansu abun ya fi fitowa fili, mutuwarsu a bainar jama'a ake yin ta. Amma ka cire kalmar mawaƙi ka sa malamin da ya koya maka karatu, ko yayar da ta bar makaranta don kai ka yi, ko abokin da ya ranta maka kuɗi bai taɓa tambaya ba, lissafin bai canja ba. Su nasu ma ya fi tsanani, don mawaƙi ko banza ana tafa masa, mahaifi kuwa wa yake tafa masa? Da yawanmu mun fi iya rubuta shafi guda kan mahaifinmu bayan ya rasu fiye da mu zauna gabansa minti biyu mu ce Baba, abun nan da ka yi min shekara kaza ban manta ba. Kunya ce, na sani, nima ina da ita. Sai dai kunyar minti biyu ce, fargar jaji kuwa ba ta da ranar ƙarewa.

In za ka yi, kar ka tsaya neman manyan kalmomi, kuma kar ka ce kai gwani ne kawai ka yi shiru, wannan ya ji ta sau dubu. Kama abu ɗaya takamaimai, wace waƙa, wane baiti, a ina kake lokacin, me ta yi maka. Kar ka haɗa da roƙo, don da zarar ka ce af, dama ina so ka ɗan taimaka min da kaza, ka rushe komai. Kar kuma ka sa ran amsa, wani ba zai gani ba, wani zai gani ya rasa abun cewa.

Ni kaina sai bara na gwada. Akwai wani dattijo da mahaifiyata take yawan sa kaset ɗinsa muna yara, an fi shekara 20 ba a jin ɗuriyarsa, ni har na ɗauka ya rasu, sai a wata hira aka ce ai yana nan, ido ne dai ya yi rauni. Na yi wata uku da lambar ɗansa a wayata ina cewa gobe. Ranar da na kira, hannuna har gumi yake, aka miƙa masa, na gaishe shi na ce Baba ba ka san ni ba, na kira ne kawai in gaya maka akwai waƙarka da mahaifiyarmu take sa mana, ta rasu yanzu, amma duk ranar da na yi kewarta ita nake nema in ji. Ya yi shiru har na zaci layin ya yanke. Can ya yi mata addu'a, sannan ya ce wacce daga ciki, yaro? Na rasa yadda zan kwatanta, sai kawai na rera masa farkonta da wannan muryar tawa da ko a banɗaki ba ta da daɗi. Sai na ji dariya, dariya sosai har da tari, ya ce ashe akwai mai tuna wannan, ai ni kaina na kwana biyu ban tuna ta ba. Ya ce amma ɗana ba haka baitin yake ba, ka juya shi, saurara ka ji. Ya gyara murya ya rera min daidai, ya zarce baiti na biyu da na uku, ina jin ɗansa a gefe yana cewa Baba a hankali. Shekara 20 ashe ina rera ta ba daidai ba.